Ƙaramar madatsar wutar lantarki a saman gari: da gaske ba ta da haɗari?

Ɗan_Gangare: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman waɗanda suka san harkar ruwa su fitar da ni daga duhu. Ana shirin datse rafin da ya ratsa ta bayan garinmu, a yi ƙaramar madatsa a sa injin wuta. Bangon na ƙasa ne, an ce tsayinsa zai kai mita 8, kuma gidajenmu suna ƙasa da wurin, tafiyar da ba ta fi ta minti ashirin a ƙafa ba. Da na yi tambaya a taro sai aka ce mini ƙaramar madatsa ba ta da wani haɗari, manyan ne ake tsoro. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin gaskiya ne? Kuma wace irin wuta ma za a samu daga rafi irin wannan?

Na_Gefe: Wa alaikumus salam. Kai dai ka gode wa Allah za ku samu wuta. Mita 8 ai kududdufi ne, me zai yi?

Injiniyan_Ruwa: Wa alaikumus salam. Malam Na_Gefe, raina kama ka ga gayya. A daren 6 ga Nuwamba 1977 wata madatsa mai suna Kelly Barnes ta fashe a jihar Jojiya ta Amurka. Tsayinta kimanin mita 12 ne kawai, bangon ƙasa, kuma asalinta don ƙaramin injin wuta aka yi ta, daga baya aka daina aikin wutar aka bar tafkin. Ta fashe mutane na barci, ruwan ya sauka kan wata kwaleji da ke ƙasa, mutum 39 suka rasu.

Mu a wajen aiki ba tsayin bango muke fara dubawa ba idan za mu ce madatsa mai haɗari ce. Muna tambaya ne: in ta fashe, wa ke ƙasa? Madatsar da ke tsakiyar daji, ba kowa a bayanta sai itatuwa, ajinta daban. Wadda ke da gidaje a ƙasa, ko da mita 6 ce, tana cikin ajin masu babban haɗari, kuma dole a yi mata gini da kulawa daidai da wannan ajin. Taku, Malam Ɗan_Gangare, bisa bayaninka, tana cikin wannan ajin ne. Ba ina cewa za ta fashe ba. Ina cewa wanda ya amsa maka a taron ya yi gaggawa.

Uwar_Biyu: Innalillahi. Injiniya ka tayar mini da hankali, ni da ba ma garinmu ba ne.

Malamin_Lissafi: Bari in ɗauki tambaya ta biyu, ta yawan wuta, tunda ita kowa ya tsallake. Abu biyu ne ke haifar da wutar: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tsayin da ruwan ke faɗowa daga gare shi. Ka auna ruwan da mita kubik, tsayin da mita, ka ninka su biyun, ka ninka da 9.8, ka samu kilowat. Sai ka cire asara, domin farfela da janareto da bututu kowanne na cin rabonsa. A ƙananan injuna in ka tsira da kashi 70 cikin ɗari ka yi sa'a.

Misali rafinku yana kawo rabin mita kubik a daƙiƙa, wato lita 500, faɗowar mita 8. Lissafi ya ba da kilowat 39, bayan asara kimanin 27. Zai haska gidaje da dama, ya yi cajin waya, ya juya fanka da 'yan firji. Amma da rani, in ruwan ya koma lita 100, kilowat 5 da ɗoriya za ku gani. Saboda haka kada a ba ku lissafin watan da rafi ya cika a ce shi ne na shekara.

Ɗan_Gangare: Malam na gode. To ai rafin namu da rani har yara na tsallake shi.

Malamin_Lissafi: To ka ga dalilin da ya sa suke son tara ruwa ke nan. Amma ka tambaye su shekara nawa suka yi suna auna rafin kafin su zana.

Ɗalibar_Kimiyya: Ina da tambaya ga Injiniya. Mene ne ma'aunin "ƙarama" ɗin? Ina jin kowa na faɗa amma ban ga iyaka ba.

Injiniyan_Ruwa: 'Yar'uwa, ma'auni biyu ne mutane ke cakuɗawa. Na wuta: ƙasashe da yawa suna kiran tashar da ba ta wuce megawat 10 (kilowat dubu 10) ba ƙarama, amma Indiya ta kai iyakar 25, Sin kuma 50. Ƙasa da kilowat 100 kuma ana sa su a wani aji na 'yan mitsi-mitsi, inda ta Ɗan_Gangare za ta faɗa. Na bango kuma: hukumar madatsun ruwa ta duniya, ICOLD, tana ɗaukar madatsa babba ce in ta kai mita 15, ko kuma in tana tsakanin mita 5 da 15 amma tana riƙe da ruwa sama da mita kubik miliyan 3. Kin ga za a iya samun injin da bai taka kara ya karya ba a gindin tafkin da ya isa ya shafe gari. Ƙanƙantar wutar ba ta faɗa miki komai game da yawan ruwan.

Tsohon_Mai_Gadin_Dam: Ni ban yi karatun injiniya ba, amma na shekara goma sha a bakin madatsa ina aikin buɗe ƙofa da rubuta tsayin ruwa safe da yamma. Yarana, abin da zan gaya muku shi ne bangon ƙasa ba ya faɗuwa sai ya yi magana. Matsalar ita ce ba mai saurare.

Kowace madatsar ƙasa tana tsattsafo, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne launin ruwan da ke fitowa ta bayan bangon. In garau yake kamar na tulu, kuma yawansa bai canja ba, ka rubuta ka wuce. Ranar da ka ga ya yi ja ko ya yi duhu, to bangon ne yake fita da kaɗan-kaɗan, ruwa na haƙa rami a cikinsa. Wannan ba a kwana da shi. Haka in ka ga wuri ya lotsa a saman bango, ko tsaga ta bi tsawonsa, ko ciyawa ta yi shar a wuri guda da rani alhali ko'ina ya bushe.

Sai itatuwa. Mutane na son inuwa, sai su bar bishiya ta girma a jikin bango. Ranar da ta mutu saiwarta ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Ga gafiya, ga gara, su ma haƙa suke. Na taɓa kai rahoton wani rami sau uku ga waɗanda ke sama da ni, sai a na huɗu aka turo mutum, shi ma don na ce ba zan ƙara sa hannu a takardar ba. Da aka tona, ramin ya shige fiye da tsawon mutum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uwar_Biyu: Allah ya saka da alheri Baba. Wannan bayanin ko ni na gane shi.

Injiniyan_Ruwa: Baba ya faɗi abin da littattafanmu ke ɗaukar babi guda suna faɗa. Wannan zaizayar cikin bango ita ta ci madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka ranar 5 ga Yuni 1976, sabuwa fil, ana cika ta karon farko. Da safe aka ga ruwa mai laka na fitowa, kafin azahar ta tafi. Mutum 11 suka mutu. Shi ya sa cikon farko ake yin sa a hankali, mataki-mataki, ana tsayawa ana dubawa.

Mai_Sola: Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Kilowat 27? Ku jera farantan sola a fili ku huta. Ba bango, ba ambaliya, ba fargaba.

Malamin_Lissafi: Malam Mai_Sola, kilowat 27 na ruwa da na rana ba ɗaya ba ne. Na ruwa yana zuwa dare da rana muddin akwai ruwa, wato awa 24. Faranti kuwa in ka tattara hasken yini duka bai fi kamar awa 5 na cikakken ƙarfi ba, sai ka ninka yawansu kusan sau biyar sannan ka sayi batura na dare, waɗanda su ma suna da wa'adi. Injin ruwa in an kula da shi yana yin shekaru da dama.

Mai_Sola: Amma kai ka ce da rani zai koma 5. Lokacin kuma rana ta fi ƙarfi.

Malamin_Lissafi: Shi ya sa wasu ke haɗa su biyun. Ban ce naka ba shi da amfani ba.

Baƙon_Zaure: Kun fara kauce hanya. Mutum ya tambayi lafiyar iyalinsa, kun koma tallar faranti.

Mai_Waya_Da_Fitila: Tunda an dawo, ni ta ɓangaren injin zan yi magana, don a nan na yi aiki. Mutane na tsoron bango su manta da ɗakin injin. Abu na farko, ruwan da ke gudu a cikin babban bututu yana da nauyi, mita kubik ɗaya tan guda ne. In ka rufe bawul farat ɗaya, ruwan ba shi da birki, sai ya daki bututun kamar guduma. Na ga bututu ya tsage a mahaɗa saboda wani yaro sabon ɗauka ya murɗa bawul da sauri. A hankali ake rufewa, kuma bawul ɗin kirki ma ba ya yarda a rufe shi da gaggawa.

Na biyu, in mutane suka kashe kayan wutarsu gaba ɗaya ko waya ta tsinke, farfela ba ta da abin ja, sai ta zabura da gudu har ta iya lalata janareto. Shi ya sa ake sa na'urar da ke karkatar da rarar wutar zuwa wasu ƙarafa masu dumama ruwa, injin ya ci gaba da jin nauyi iri ɗaya. In aka ce za a yi muku tasha ba wannan na'urar, ku ce ba ku yarda ba.

Na uku, bakin da ruwa ke shiga bututu. Dole a sa ragar ƙarfe mai tare itace da shara, kuma a killace wurin. Daga sama ruwan lumui yake, a ƙasa kuwa ja yake yi.

Ɗalibar_Kimiyya: Yaya Mai_Waya, wace irin farfela za ta dace da mita 8? Mun karanta Pelton a aji.

Mai_Waya_Da_Fitila: Pelton ta masu tsauni ce, ƙanwata, inda ruwa kaɗan ke faɗowa daga nesa, ya fito ta bakin tiyo ya daki cokulan da ke jikin farfelar. A mita 8 ba za ta yi komai ba. Nan sai Kaplan, mai kama da farfelar jirgin ruwa, ko kuma wadda ake kira Banki, mai siffar ganga da ruwa ke ratsa ta sau biyu. Ita Banki maƙera na iya haɗa ta da gyara ta, kuma tana haƙuri da raguwar ruwa, shi ya sa ƙananan tashoshi ke son ta. Wata irin farfelar kuma, Francis, tana tsakanin Pelton da Kaplan.

Masunci_77: Duk kun yi maganar in ta fashe. Ni kuma waɗanda na san ruwa ya ci, madatsa lafiya lau take ta ci su. Akwai irin ɗan bangon nan na kankare da ake gitta wa rafi, ruwa na malala ta samansa, tsayinsa bai fi mutum ba. A gindinsa ruwan juyawa yake yi, ya tura ka ƙasa, ka taso, ya sake janyo ka baya zuwa bangon. Ga kumfa, jiki ba ya tashi sama a cikinta. Gwanin iyo ma ba ya fita, wanda ya shiga ceto shi ma ya zama na biyu. Ni da na girma a kan kwalekwale ba na kusantar wurin.

Injiniyan_Ruwa: Gaskiya ne, a Amurka har laƙabi suka yi wa irin waɗannan, suna ce musu injin nutsar da mutane. A ƙara da sakin ruwa ba sanarwa. A watan Yuni 2014 a Indiya, ɗalibai 24 da jagoransu suna ɗaukar hoto a kan duwatsun kogin Beas, aka saki ruwa daga tashar Larji da ke sama, cikin ɗan lokaci ya tafi da su. Ita ba ƙaramar tasha ba ce, amma darasin ɗaya ne: jiniya kafin a buɗe ƙofa, da alluna a bakin rafi, da sanar da masu wanki da makiyaya lokutan saki.

Na_Gefe: To ni dai har yanzu ina ganin ana zuzutawa. Madatsu nawa ne a duniya suke zaune lafiya shekara da shekaru? In ajali ya zo ko a gado ne sai ya ɗauka.

Uwar_Biyu: Malam Na_Gefe, ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ko mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a Satumbar 2024 za ka gaya wa ana zuzutawa?

Baƙon_Zaure: Hajiya, Alau ba ta wuta ba ce, ta ruwan sha da noma ce.

Uwar_Biyu: Ruwan da ya shiga ɗakin mutum ba ya tambayar ko na wuta ne.

Injiniyan_Ruwa: Na_Gefe yana da rabin gaskiya, mafi yawan madatsu ba sa fashewa. Amma cikin waɗanda ke fashewa, ƙananan ne suka fi yawa, don su ne ba a kashe wa kuɗin bincike, su ne ba su da ma'aikaci na dindindin, su ne ake mantawa da su in injin ya lalace. Kelly Barnes da na kawo a sama, shekara ashirin ke nan da daina wuta a wurin lokacin da ta fashe.

Malam Ɗan_Gangare, in tambaya ɗaya za a ba ka dama ka yi, ka tambayi magudanar rarar ruwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fashewar madatsu daga ruwan da ya haura saman bango ne. Kankare na iya jure wannan, bangon ƙasa kuwa ruwa na fara bin samansa zai yanka shi kamar wuƙa. Magudanar ita ce hanyar da aka tanada don ambaliya ta wuce ta gefe. Ka tambaya: an auna ta da ruwan sama mafi girma da za a iya samu, ko da na shekarar da ta gabata? Tana aiki da kanta, ko sai wani ya zo ya buɗe ƙofa? A ƙaramar madatsa ni na fi son wadda ba ta da ƙofa sam, ruwa na kai wani tsayi ya malale da kansa, don ambaliya da tsakar dare take zuwa, lokacin da mai makulli ba ya nan. Sannan tazarar da ke tsakanin ruwa in ya cika maƙil da saman bango, mita nawa ce? Kada a ce maka bututun injin zai rage ruwan. Lita 500 a daƙiƙa ba komai ba ne a gaban ambaliya.

Ɗalibar_Kimiyya: Kamar madatsar Edenville ke nan a jihar Michigan ta Amurka, Mayu 2020. Ƙaramar tasha ce, ba ta kai megawat 5 ba, hukuma ta ƙwace lasisinta tun 2018 saboda magudanarta ta yi kaɗan, ruwa ya haura ta fashe, aka kwashe mutum wajen dubu 10.

Injiniyan_Ruwa: Kin kawo misali mai kyau, amma gyara kaɗan. Maganar lasisi da kwashe mutane haka ne. Sai dai masu bincike sun gano ruwan bai kai ga haura bangon Edenville ba. Tafkin ya cika fiye da yadda ya taɓa yi, sai yashin da ke cikin bangon, wanda ba a daddale shi da kyau ba tun ginin shekarun 1920, ya jiƙe ya saki, gefen bangon ya zame gaba ɗaya. Wadda ruwa ya haura ita ce Sanford da ke ƙasa da ita, bayan ruwan Edenville ya sauko mata. Abin lura biyu: aikin daddale ƙasa da aka yi sakaci da shi yana iya jira kusan shekara ɗari kafin ya nuna kansa, kuma ba wanda ya mutu a ranar saboda an kwashe mutane tun kafin ta fashe.

Ɗalibar_Kimiyya: Na gode da gyara, Injiniya.

Ma'aikaciyar_Jinya: Ba wanda ya taɓo lafiya. Ruwan da aka tsayar yana tara sauro, yana kuma tara dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Yara za su yi wanka a ciki ko an hana su, bayan 'yan watanni a fara ganin fitsarin jini. Ba dalilin fasa aiki ba ne, amma a sa shi cikin shiri tun yanzu: share ciyawar bakin tafki, wurin ɗiban ruwa daban, da maganin tsargiya ga 'yan makaranta.

Masunci_77: A kuma bar wa rafin ruwansa. In aka toshe duka da rani don a tara, kifi da masu lambu na ƙasa sun shiga uku.

Mai_Waya_Da_Fitila: Ni abin da ke raina tun ɗazu: dole ne sai an yi tafki? In akwai gangara sosai a saman rafin, ana iya yin ɗan ƙaramin shinge a karkatar da wani ɓangare na ruwan ta kwata, a bi da shi gefen tudu, sannan a sako shi ta bututu. Lita 100 daga mita 40 daidai take da lita 500 daga mita 8, Malamin_Lissafi zai gaskata ni. Haka ake yi a ƙauyukan tsaunin Nepal. Ba ruwan da aka tara a kan kowa.

Malamin_Lissafi: Lissafin daidai ne. Saura ƙasar ta yarda.

Tsohon_Mai_Gadin_Dam: Ko an yi tafkin, ku sani rafi ba ruwa kaɗai yake kawowa ba. Yashi da laka suna zama a ciki kowace damina. Inda na yi aiki, wurin da muke jefa igiya mai tsawo da farko, kafin in bar aiki shanu na tsayawa a kai. In ba a yi ƙofar wanke laka a ƙasa ba, kuma ana buɗe ta tana motsi, ranar da ake buƙatarta za a tarar ta ci tsatsa. Wannan ƙofar ce kuma za ta cece ku in bango ya fara magana, don da ita ake sauke ruwa da sauri.

Ɗan_Gangare: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta tambayoyina: girman magudanar rarar ruwa, tazarar saman bango, ƙofar ƙasa, yawan ruwan da tafkin zai riƙe, jiniya, da wanda zai riƙa duba bangon bayan masu gini sun tafi. Gangara kam muna da ita a sama, amma ban san ko ta kai mita 40 ba.

Na_Gefe: Ka dai yi a hankali kada tambayoyinka su sa a kai aikin wani gari, mutanenku su ce kai ka hana su wuta.

Injiniyan_Ruwa: Mai aikin da ya san abin da yake yi ba ya gudun waɗannan tambayoyin, amsoshin suna cikin takardun zanensa. Ka ƙara ɗaya: su nuna muku taswirar inda ruwa zai bi in bangon ya tafi, da minti nawa zai ɗauka ya iso gidan farko. Tafiyar minti ashirin a ƙafa, ruwa ba zai yi rabin haka ba.

Uwar_Biyu: Malam Ɗan_Gangare, makarantar yaranku tana ta wane ɓangaren rafin?

Ɗan_Gangare: Hajiya, a bakinsa take. Taron na gaba ranar Asabar ne, zan dawo muku da abin da suka ce in sha Allah.